Fanel mai hawa huɗu da hannu

Sana'ata haɗa ƙananan na'urorin lantarki ce, ni da yara biyu masu koyon aiki. Na daɗe ina yin fanel mai fuska biyu, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kansa, layukan jan ƙarfe suna haɗa su ta gaba da ta baya, sai wani aiki ya zo da cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, mai ƙafafu barkatai, layukan suka rasa ta inda za su bi. Dole ta sa na koma yin mai hawa huɗu, wato mai shimfiɗar jan ƙarfe huɗu, biyu a waje biyu a ciki.

A baki abin ba wuya. Fanel ɗin da aka saba da shi kaurinsa milimita 1.6 ne, na FR-4, wato zaren gilashi da aka jiƙa da gam ɗin ifoksi, aka shimfiɗa masa jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 35. Ni kuwa sai in ɗauki sirara guda biyu, kowanne bai wuce milimita 0.8 ba, in ɗora zanen layuka a kansu, in tsoma cikin ruwan ferik kulorayid ya cinye jan ƙarfen da ba a so, sannan in manne su. Fuskoki biyun da ke ciki, ɗaya ta ɗauki wuta, ɗaya ta zama ƙasa, wato hanyar da wutar ke komawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne daidaitawa. Kafin komai nakan jera fallayen in huda ramuka a gefe, in zura ƙusoshin da suka cika ramin cif, don in falle ɗaya ya goce ko da rabin milimita ne, hujin da za ka yi daga baya zai kauce wa zoben jan ƙarfen da ke ciki, ko ya taɓa layin da bai kamata ba. Na farkon da na yi haka ya lalace. Daga waje tsaf, ina ɗora mitar gwajin wuta ta fara kuka: wuta da ƙasa sun haɗu a tsakiya, inda ba wuƙa ba dalma da za su kai. Tun ranar na kafa wa yarana doka, ba a manne falle sai an bi kowane layi na ciki da mita.

A tsakaninsu nakan sa firifireg, wani ƙyallen gilashi mai gam ɗin da bai gama ƙonuwa ba, in matse tsakanin faranti biyu na ƙarfe a zafin digiri kusan 180. Gam na shafawa ma yana yi, amma yana barin kumfar iska, da zafin dalma ya taɓa wurin sai ya kumbura. Danshi ma haka yake yi, shi ya sa nake fara gasa fallayen su bushe.

Abin da har yau nake fama da shi haɗa hawa da hawa ne. Manyan masana'antu suna lulluɓe cikin ramin da jan ƙarfe ta hanyar sinadari da lantarki. Ni siririyar waya nake zurawa in like da dalma, kuma na cikin sai na haɗa su da fuskar waje ta fallensu tun kafin manni. Rami hamsin yana cinye mini yini.

Saboda haka na gwaji kawai nake yi da hannu, in ga ko zanena yana aiki cikin kwana biyu. In ya yi, mai kaya kuma yana son ɗari, sai in tura wa masana'anta zanen.