Sitikar da ba ta kai farce ba

In an tambaye ni sana'ata a wurin suna ko biki, nakan ce ina buga sitika, in ja bakina. Don da zarar na ƙara da cewa ta ƙananan jiragen yaƙi ce na roba, sai a dube ni kamar wanda ya yi furfura bai rabu da wasan yara ba. Amma da ita nake ci, da ita nake biyan haya a nan Ingila. Mu uku ne a shagon: ni, da uwargida mai riƙe da lissafi, da wani yaro mai ɗaure kaya.

Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan suna sayar da jirgi a kwali, gunduwa-gunduwa, mutum ya harhaɗa ya yi fenti. Da sitika a ciki, amma ta jirage kaɗan ce. Shi kuwa mai saye, sau da yawa jirgi ɗaya tak yake so, na runduna kaza, a shekara kaza. To, nan ne abincinmu yake.

Wanda ya fi kawo mana ciniki shi ne F-14 Tomcat, wanda sojan ruwan Amurka suka yi aiki da shi daga 1974 zuwa 2006. Tsawonsa ya ɗan haura mita 19, a ma'aunin 1/48 kuwa, wato an rage shi sau 48, sai ya dawo kamar santimita 40. Da Tamiya ta fitar da nata a 2016, har barci sai da ya gagare mu. Kowa kuma sitikar jiragen rundunar da ake wa laƙabi da Jolly Rogers yake nema, masu farin ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye kan baƙar wutsiya. Sai na tambaya: wanne? Akwai na rundunar VF-84, masu haruffan AJ a wutsiya lokacin da suke kan jirgin ruwan Nimitz. An rushe rundunar a 1995, VF-103 ta gaji sunan da tambarin. In ka haɗa lambar wannan da wutsiyar wancan, wallahi sai wani tsohon sojan ruwa ya rubuto maka wasiƙa. Shi ya sa nakan shafe makonni ina ƙura wa tsofaffin hotuna ido kafin in zana ko layi ɗaya.

Farar tawada ita ce ciwon kan sana'ar. Firintar gida ba ta buga fari, takarda take bari ta tsaya a madadinsa, mu kuwa fatar sitikarmu garau take kamar ruwa. Dole a bi ta hanyar bugun da ake kira allon siliki, launi ɗaya bayan ɗaya, a fara shimfiɗa fari sannan rawaya ta hau kansa, in ba haka ba fentin jirgin ya ɓullo ta ƙasa. Wata shekara maɗaba'ar da na ba aiki ta goce da rabin milimita. Ka ce mene ne rabin milimita? A jikin jirgin gaske milimita 24 ke nan. Kowace rawaya ta fito da farin gefe kamar an sa mata kwalli a karkace. Shafi 300 na zuba a shara, kuma har yau rabin kuɗina na wurinsu.

Sitikoki masu launin toka a kan toka, irin na shekarun 1980 da aka dusashe tambura don kada a hango jirgi, ni dai ba sa burge ni. Ina bugawa ne don ana saye.

Kowane Nuwamba muna kafa tebur a baje kolin masu harhaɗa irin waɗannan jirage a garin Telford. Bara wani dattijo ya zo yana faɗa, wai sitikata tana ƙyalli kamar azurfa. Na ce, "Baba, a kan wane fenti ka manna?" Ya ce marar sheƙi. Iska ce ta maƙale a ƙasa. Na yanko tauraro guda da bai kai farcena ba, na tsoma a ruwan ɗumi, na jira ya saki takardarsa, na zame shi da burushi kan fiffike mai sheƙi, na danna da auduga, na ɗiga Micro Sol, ruwan da ke tausasa sitika. Ya yamutse, dattijon ya kai hannu, na riƙe shi na ce kada ya taɓa. Da ya zagayo bayan awa guda tauraron ya kwanta lif, har zanen ƙusoshin fiffiken ana gani ta cikinsa. Ya ɗauki shafi biyu, ya nemi ragi.