Talata: ranar da sifili ya ƙi fitowa

Tun da safe na zauna gaban kwamfuta da niyyar yin aiki ɗaya kacal, wato in tabbatar cewa wani dogon lissafin aljabara da na warware da hannu ya yi daidai da gajeriyar siffar da na samo masa. Hanyar sananniya ce: a ɗebe ɗaya daga ɗayan, a miƙa wa manhajar lissafi ta SymPy abin da ya rage, a ba ta umarnin simplify, wato sauƙaƙawa, sannan a jira sifili. Sifili kuwa ya ƙi fitowa. Abin da ya bayyana a allo wani layi ne mai ɗauke da 0.333333333333333 da kuma sqrt(x**2), wato tushen murabba'in x², yana zaune daram kamar ba a taɓa shi ba.

Kuskuren farko nawa ne, kuma ban daɗe ba na gano shi. Na rubuta 1/3 kai tsaye, alhali Python, harshen kwamfutar da SymPy ke aiki a cikinsa, ita ce ke fara raba lambobin kafin SymPy ta gan su, don haka abin da ya isa gare ta ba sulusi ba ne, kimantawarsa ce kawai. Da na sauya shi zuwa Rational(1, 3), wanda ke riƙe sulusin yadda yake, wannan ɓangaren ya ɓace nan take.

Na biyun ne ya cinye mini rabin yini. Na yi ta jin haushin cewa manhajar ta kasa gane abin da kowane ɗalibi ya sani, wato tushen murabba'in x² shi ne x, har na gwada umarni uku daban-daban ba tare da wani sauyi ba. Sai da na koma takarda na sa −3 a gurbin x, na ga murabba'insa 9 ne, tushen 9 kuma 3 ne, ba −3 ba, sannan jikina ya yi sanyi. Ashe ba kasawa ta yi ba, ƙin yin ƙarya ta yi, domin ban taɓa gaya mata ko wace irin lamba ce x ba. A lissafina x tsawo ne, saboda haka ba ya sauka ƙasa da sifili, amma wannan sanin a kaina kaɗai yake. Da na ayyana shi da real=True, wato lamba ta zahiri, ta ba ni Abs(x), ƙimar x ba tare da alamarsa ba; da na ce positive=True, wato ya fi sifili, ta ba ni x, bambancin kuma ya koma sifili.

Da yamma na tsaya ina tunanin kalmar sauƙaƙawa ita kanta, domin na lura ba ta da ma'ana guda. Idan aka raba x¹⁰⁰ − 1 da x − 1, umarnin cancel zai kawar da rabawar, amma ya bar mutum da gaɓoɓi 100 jere. Ni dai a idona siffar farko ta fi sauƙin karantawa, ko da yake mai son sa 1 a gurbin x zai fi son ta biyun. Shi simplify gwada dabaru da dama yake yi, ya zaɓi sakamakon da ya fi ƙarancin ayyukan lissafi, kuma wannan awo ne kawai, ba hukunci ba. Akwai ma iyakar da ba ta ƙetaruwa: a 1968 Daniel Richardson ya tabbatar cewa ga wani rukunin lissafi mai haɗe da π da sin da exp da ƙimar lamba ba tare da alamarta ba, babu wata hanya guda da za ta iya yanke hukunci a kowane lokaci ko abin sifili ne.

Kafin in rufe kwamfutar na cire simplify daga wurare huɗu a cikin aikin, na maye gurbinsa da expand, mai buɗe baka-bakan lissafi, da factor, mai mayar da shi gaɓoɓin da aka ninka, gwargwadon abin da nake nema a kowane wuri. Na kuma rubuta sharaɗin kowane harafi a saman fayil ɗin. Saura y, wanda har yanzu ban tantance ko zai iya zama sifili ba, kuma da shi zan fara gobe.