Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Tef ɗin Awo Ya Tona Mini Asiri

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya ce in miƙe in ɗage riga. Na ɗauka sikeli zai sa in hau, har ina murna, domin nauyina bai taɓa tayar mini da hankali ba. Hannuwana sirara, ƙafafuna sirara. Tumbi ne kawai ya yi gaba, shi ma abokai kan shafa shi su ce hutu ne.

Sai ya ɗauko tef ɗin awo irin na tela, ya zagaya shi daidai saitin cibiyata, ya ce kada in shanye ciki. Na riga na shanye kuwa, dole na sake shi. Santimita 104.

"Malam, nawa ne tsawonka?" Na ce 170. Ya ce bai kamata ƙugun mutum ya kai rabin tsawonsa ba, wato nawa ya tsaya ƙasa da 85. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, namiji da ya haura 94 ya fara shiga haɗari, wanda ya haura 102 ya yi nisa. Na mata 80 da 88 ne.

Na fara kare kaina da cewa ni ba mai ci da yawa ba ne, sau da dama ma ban karyawa. Bai musa ba. Ya ce in lissafa masa abin da na ci jiya. Farin burodi, soyayyen abu a tsaye tsakanin aiki, biskit, sai lemon kwalba guda uku. Ganye ko 'ya'yan itace? Na yi shiru.

A kan lemon ya daɗe. Gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali shawarar da hukumar ta fitar a 2015 ba ta so babba ya wuce kimanin giram 50 a yini. Ni ina shan sama da 100 a ruwa kawai, kuma ba ya ƙosarwa. Ya zana hanta a bayan katina, ya nuna yadda kitsen da ke naɗe da hanji yake tura maiƙo kai tsaye cikinta, har jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Daga nan sai ciwon suga da hawan jini. Kitsen cinya, in ji shi, bai kai wannan ɓarna ba.

Na tambaye shi ko motsa jikin ciki zai narkar da shi. Dariya ya yi, ya ce kitse ba ya narkewa daga inda mutum ya zaɓa, in fara gyara kwanona da wake, kifi, ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba.

Da na isa gida na tarar da kwalba biyu a firij, sun yi sanyi ƙarara. Uwargida na tsaye tana kallona. Abin da ya faru tsakanina da su, sai mako mai zuwa.