Baƙin man da na yi shekara biyu ina zuba wa Corolla ta

Da na sayi Corolla ƙirar 2005, wadda aka hawo da ita daga Kwatano, duk wanda na tambaya a Damagaram magana ɗaya yake faɗa mini: ƙasar zafi sai mai mai kauri. Ni ma na yarda. Garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da azahar, wa zai zuba wa inji mai tsararo kamar ruwa? Sai na riƙe 20W-50, duk bidanji, wato canjin mai, shi nake saye.

Hunturu ne ya tona asiri. Da sassafe in na tada motar zan kai yara lakwal, sai injin ya yi ta kaf-kaf-kaf na ɗan lokaci kafin ya kwanta, fitilar mai kuma ta yi jinkirin mutuwa. Na kai ta wajen wani tsohon makanike a Zango, abokin mahaifina. Ya zaro sandar awon mai, ya murza abin da ke jikinta tsakanin yatsu biyu, ya ce ni ma in taɓa. Na ji shi kirtib, da ɗan tsaki-tsaki a ciki.

"Ɗana, wa ya ce ka zuba wannan?"

"Baba, kowa haka yake cewa."

"Kowa ne ya ƙera injin?"

Ya goge murfin da ake zuba mai da tsumma. Ga 5W-30 nan ɓaro-ɓaro a rubuce. Shekara biyu ina buɗe murfin nan ban taɓa karantawa ba!

A nan ya zaunar da ni. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda mai ke gudu in inji ya kwana ya yi sanyi; in ƙarama ce, man zai isa saman inji da wuri. Ta biyun kuwa kaurinsa ne in ya yi zafi, ana auna ta a digiri 100. Abin da ban taɓa lura ba shi ne, inji in ya ɗumama wajen digiri 90 yake aiki, ko a Damagaram ko a Faransa, muddin radiyeta da fanka lafiya suke. Injin irin nawa kuma yana da VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wadda da matsin mai take aiki, ta 'yan hanyoyi matsattsu, mai kauri sai ya ɓata lokaci kafin ya ratsa su. Ya ce 20W-50 ba laifi ba ne a tsohuwar Peugeot 504 ko injin da ya riga ya saki yana hayaƙi, 15W-40 kuma abokin motocin gazuwal ne.

Tsakin nan da na ji kuwa laifina ne. Na saba jira sai kilomita 10,000, alhali zirga-zirgata daga Birni ne zuwa Kasuwar Dole, tafiyar da kafin mai ya yi zafi sosai na kashe motar. Ga ƙura, ga tsayuwa da inji a kunne saboda sanyin mota. Irin wannan aiki masu ƙera motoci da kansu suna cewa a rage tazarar canji. Zuwa Yamai da dawowa, kusan kilomita 1,800 a kan gudron, ya fi wa mai sauƙi a kan wata guda na yawon cikin gari.

Yanzu 5W-30 nake zubawa, ina canzawa duk kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Filta sabuwa kowane karo, ta iska kuma ina kaɗe ta, in ta toshe in sauya. Man da take ci wajen lita 4 ne. Galan sai wanda na ɓalle hatiminsa da hannuna, don na taɓa sayen na bakin hanya da ya yi baƙi ƙirin cikin sati biyu.

Ƙarar nan ta safe ta tafi tun satin farko. Sai dai motar ta fara ɗan shan mai, wajen rabin lita kafin bidanji ya zagayo. Baba ya ce in bar ta haka, in abin ya ƙaru mu hau 10W-40. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan zaro sandar in duba, lambar canji na gaba kuma tana rubuce a 'yar takarda da na manna kusa da sitiyari.