Sabuwar kwamfuta, yaren 1957

Talata, 19 ga Janairu, 2021

Yau kwana huɗu da isowar kwamfutar, amma sai yau na zauna in yi aikin da na saye ta dominsa. Tun da na dawo daga sallar asuba ban koma barci ba. Hunturu ya hana zaman tsakar gida, sai na yafa bargo na shige ɗakin aiki da kofin shayi. Mac mini ce, ɗan akwati da bai fi faɗin farantin tuwo ba, mai ƙwaƙwalwar M1 da kamfanin Apple ya fitar a watan Nuwamban bara. Maganar wuta ce ta sa na saye ta. Tsohuwar tawa ta tebur, da zarar an ɗauke wuta sai ta shanye batirin inbata kafin azahar, ga ƙarar fanka kamar injin markaɗe. Wannan kuwa jiya ta wuni a kan batir, ko ɗumi ban ji ta yi ba.

Aikin shi ne alƙaluman gwajin dawa na damina uku, kuma Malam yana son jadawalin ranar Alhamis. Shirin da ke yin lissafin shi ya rubuta shi da yaren kwamfuta na Fortran tun yana ɗalibi, ni kuma na ɗora masa wani guntu da yaren C, sannan in zana hotuna da yaren R. Shekara biyar ina haɗa shi da umarni ɗaya, kafin shayi ya huce ya gama.

Da safen nan na buga umarnin, baƙin allon da ake buga umarni a ciki ya ce bai san gfortran ba, wato kwamfailar da ke fassara Fortran zuwa yaren da na'ura ke ji. Na ce ai da sauƙi, na sauke wanda na saba. Ya fassara ɓangaren Fortran lafiya, ɓangaren C ma ya fassaru, amma da aka zo ɗinke su wuri guda sai aka tsaya cak. Na karanta saƙon kuskuren sau uku kafin na gane: rabin shirin ya fito da yaren ƙwaƙwalwar Intel, rabi da yaren ARM wanda M1 ke ji. Kamar ka ba tela biyu riga ɗaya, wannan ya yanka da inci, wancan da santimita.

Gaskiyar magana na san M1 ba dangin Intel ba ce. Tun a watan Yunin bara Apple ya sanar zai ƙaura daga Intel zuwa ARM, kamar yadda ya ƙaura daga ƙwaƙwalwar PowerPC zuwa Intel a 2006. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne ko kowane yare ya kwashe kayansa ya bi. Python ta bi, fitowar 3.9.1 ta watan Disamba tana aiki kai tsaye. Yaren Go na matakin gwaji, an ce wata mai zuwa. Amma Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957, har yanzu kwamfailarsa ta kyauta ba ta da fitowa ta hukuma a kan wannan na'ura. Akwai ta kuɗi, sai dai aljihuna bai farfaɗo daga sayen kwamfutar ba.

Wani zai ce wa ke amfani da yaren kakanni? To, duk wanda ya taɓa warware lissafi da R ko SciPy, kundin lissafi na Python, ya yi amfani da shi, ko ya sani ko bai sani ba. LAPACK, rumbun dabarun lissafin da suke jingina da shi, da Fortran aka rubuta shi. Na tabbatar da haka wajen ƙarfe goma, da na ce bari in zagaya ta Python. Na nemi SciPy, ba a sami ginanne ba, sai ta fara ƙoƙarin gina shi da kanta, rubutu yana ta gudu a allo, data tana ta tafiya, daga ƙarshe ta tuƙe da jan rubutu mai tsawon shafi uku. An gudu ba a tsira ba.

Uwargida ta shigo da ƙosai ta tarar da ni na rafka tagumi. Ta dubi akwatin ta dube ni, ta ce, "Yallaɓai, ba wannan ce aka ce ta fi walƙiya sauri ba?" Na ce ita ce. Ta ce, "To ai na ga kai kaɗai ke zufa." Ban tanka ba, ƙosan dai na ci.

Mafita ta farko ita ce Rosetta 2, tafintan da ke juya shirin Intel ya zama abin da M1 ke ji. Na buɗe baƙin allo a ƙarƙashinsa, na ce wa kowa ya yi yaren Intel, nan take shirin ya haɗu. R ɗin Intel ma ya tashi ba gardama. Abin mamaki, duk da tafinta a tsakani ya riga tsohuwar kwamfutata gamawa. Da a nan na tsaya da yanzu na yi barci. Amma zuciya ta ƙi, ta ce ka sayi doki kuma a riƙa jan ka a kai?

Bayan la'asar na sauko da gfortran na gwaji, wanda aka gina daga wani reshe na GCC 11 da ba a kai ga fitarwa ba (GCC shi ne tarin kwamfailoli na kyauta da gfortran ke cikinsa). Kafin in girka na ɗan karanta dalilin jinkirin, sai fushina ya sauka. Ashe ba don ARM baƙo ne ba, GCC ya daɗe yana yi wa ARM aiki a kwamfutoci masu tsarin Linux. Tsarin Mac ɗin ne yake da nasa ƙa'idojin miƙa bayanai tsakanin sassan shiri, sannan ya hana wata tsohuwar dabara da GCC ke yi ta rubuta ɗan umarni a wurin ajiyar wucin gadi ya gudanar da shi. Duk sai an sake su ɗaya bayan ɗaya, kuma masu yin aikin 'yan tsiraru ne, akasari na sa-kai, suna yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Kamfani ya ƙera ƙarfe da dubban ma'aikata, yaren kuma yana hannun mutanen da ba su cika ɗaki ɗaya ba. Ni da ko sisi ban taɓa ba su ba, da wane baki zan yi ƙorafi?

Na gwajin ya yi aiki, ya kuma yi sauri sosai. Sai na jera sakamakon biyu gefe da gefe, na ga lambobin can ƙarshen wutsiya ba su zo ɗaya ba. Na san inda wani ɓangaren bambancin ya fito: a guntun C ɗina na tara jimilla da lamba mai faɗin bit 80 irin ta Intel, a M1 kuwa wannan nau'in bit 64 ne kawai, wato wutsiyar lambar da yake riƙewa ta fi gajarta. Bambancin bai kai nauyin ƙwayar dawa ɗaya a hekta ba. Matsalar ita ce ba ni da hanyar rantsewa cewa duk daga nan ne, ba daga kwamfailar da masu ita da kansu suka ce ta gwaji ce ba.

Akwai kuma wani abu da ya ba ni dariya. A R, gurbin da babu bayani ana kiransa NA, kuma a cikin cikinsa an ɓoye lamba 1954, shekarar haihuwar Ross Ihaka, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri yaren a Jami'ar Auckland. Da ita R ke bambance "ba a auna ba" da "lissafi ya lalace". Masu kula da R sun bayyana tun Nuwamba cewa sai sun duba yadda ARM ke riƙe wannan alama idan ta shiga lissafi. Ni kuwa ina da fuloti bakwai da awaki suka cinye a damina ta biyu, duk NA ne. Wato awakin ma suna jiran a gama gyara.

Bayan magariba na kira Malam. Na fara zuba bayani a kan bit 80 da bit 64, ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Lambobin sun yi daidai da na rahoton bara?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ta hanya ɗaya sun yi, ta ɗayar saura ƙiris." Ya ce, "To ka bi wadda suka yi. Alhamis dai." Ya ƙara da cewa shirin nan ya ga kwamfutoci da yawa sun zo sun wuce, ya kashe waya yana dariya.

Don haka na mayar da komai ƙarƙashin Rosetta, na sake gudanar da damina ukun, na adana jadawalin. Na gwajin na ware masa jaka daban, na rubuta a kanta kada a taɓa sai R 4.1 ya fito. Tsohuwar kwamfutar da na yi wa ƙanena alkawari, na aika masa saƙo ya ƙara haƙuri zuwa bayan azumi. Yanzu sha ɗaya saura, an ɗauke wuta tun ƙarfe tara, batir bai ko girgiza ba. Gobe hotuna, kuma sai na sayi data tukuna.