Filin kilisa a gidan gona: yadda muke gina shi daga ƙasa

Sana'ata ta asali sharar fili ce da cikon ƙasa. Ina da tsohuwar feloda ɗaya, wato motar haƙa da loda ƙasa, tifa biyu, da yara shida da muke aiki tare a kewayen Kano. Gireda da rola kuwa hayarsu nake yi duk ranar da aiki ya kai gare su. Harkar dawaki ta same ni ne ta hannun wani Alhaji da na taɓa cike wa harabar sito. Yana da dawakai huɗu a gidan gonarsa, 'ya'yansa sun taso da son kilisa, shi kuma hankalinsa bai kwanta da yadda suke fita bakin titi suna gogayya da 'yan adaidaita ba. Ya ce in share masa wuri in zuba yashi. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe, ai aikin sati biyu ne."

A wurin akwai darbejiya uku, da sabara da kalgo birjik. Muka sare su daidai da ƙasa, muka bi da jar ƙasa muka rufe kututturan, muka zuba yashi mai kyau. Ranar da na miƙa aiki har hoto aka yi ta ɗauka. Bayan damina biyu gara ta cinye saiwoyin, ƙasa ta yi kogo daga ciki, sama kuwa lafiya lau. Wata goɗiya tana cikin sassarfa ƙafarta ta gaba ta nutse. Allah ya taƙaita, ba ta karye ba, yaron ma ƙujewa kawai ya yi, amma ta yi wata biyu ba a ɗora mata sirdi ba. Da na je jaje, tsohon da ke kula da bargar ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kai hanyar mota ka yi mana. Mota tayoyinta huɗu ke raba kaya. Doki in ya zabura, nauyinsa da na mahayinsa kan kofato ɗaya suke sauka." Na ce, "Baba, na ji." Na kwashe yashin nan, na tone wurin kaf, na sake aikin da kuɗin aljihuna.

Tun daga nan ba na barin kututture ko na geza ne. Feloda ta tumɓuke manya, yara su bi da diga da gatari su zaƙulo saiwa, kowane rami kuma a cike shi kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Suri ma haka, sai an haƙa an kai ga ɗakin sarauniyar garar, in ba haka ba rushe mata soro kawai ka yi, za ta sake gini. Ramin gafiya shi ma abin nema ne. Sannan a kankare baƙar ƙasar sama gaba ɗaya, wadda manomi ke so, domin ita ce mai riƙe ruwa, cikinta kuma irin ƙarangiya da tsidau suke kwance suna jiran yayyafi. Nakan tara ta gefe mai gida ya kai lambu.

Kafin ma a kai ga sara akwai maganar mutane. A ƙauyukanmu ana iya sayar da gona a ce ban da ɗorawar da ke cikinta, ko tsamiyar nan ta magada ce. Don haka sai na zauna da mai unguwa da maƙwabtan iyaka, in itace babba ne a nemi izinin malaman daji. Ba na taɓa burtali ko da mai gida ya ce takardarsa ta haɗa da shi. In kuma akwai gawo a gefe, nakan roƙi a matsar da filin a bar shi, don wanda ya taɓa tsayawa riƙe da linzami a ranar Afrilu ya san darajar inuwa.

Girman fili shi ne gardama ta farko da kowane mai gida. Wani zai ce yana son irin filin ƙwallon dawaki na Katsina ko na Kaduna. Sai in gaya masa cikakken filin folo tsawonsa yadi 300 ne, faɗinsa in an kafa katako a gefe yadi 160, kuma ciyawa ce da ke son ruwa da yanka kullum. Abin da gida ke iya ɗauka shi ne ƙaramin ma'aunin da masu horar da dawaki suka saba da shi, mita 20 a 40, ko babbansa, 20 a 60. A nan lissafin fuloti ke yaudarar mutane. Fulotinmu na ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 ne a 30. Ka jera biyu gefe da gefe, ka samu 30 a 30, tsawo bai kai ba. Ka jera su a tsaye, ka samu 15 a 60, faɗi bai kai ba. Sai an haɗa huɗu ake samun fili da hanyar ruwa da wurin juyawar mota. Wanda bai da wannan nakan ba shi shawarar da'ira mai faɗin mita 18 zuwa 20, ta isa a hori dukushi a kuma motsa jinin ingarma. Mai son sukuwa da zamiya irin ta jahi kuwa, gaskiya nake gaya masa, filin gida ba zai ba shi wannan ba.

In da hali nakan so in ga wuri a watan Agusta, ranar da aka yi ruwa ya ɗauke. Duk abin da fili ke ɓoyewa da rani, ranar nan yake faɗa: inda ruwa ke shigowa, inda yake kwanciya, inda yake fita. Ƙasar jigawa mai yashi ta fi sauƙin aiki. Laka ta gefen fadama, mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ita ce mai cin kuɗi, kuma sau biyu na ƙi karɓar aiki saboda ita.

Ruwan nan shi ake yi wa gini. Muna ɗaga filin sama da kewayensa, mu ba shi gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta ɓangaren faɗi. A faɗin mita 20, gefe ɗaya zai fi ɗaya tudu da santimita 20 zuwa 40. Mahayi ba zai ji ba, ruwa kuwa zai bi. In babu na'urar safiyo, siririn tiyon nan da magina ke cikawa da ruwa ya wadatar, da turaku da igiya. Ta gefen tudu a haƙa lambatu ya tare ruwan da ke gangarowa daga gonakin sama, ta gefen kwari a ba shi mafita da ba za ta kai shi gonar maƙwabci ba.

Sai marmara. Fili mai mita 20 a 40 murabba'in mita 800 ne, in kana son kaurin santimita 15 bayan daddaɓewa, kubik mita 120 ke nan, kuma sai ka sayo fiye da haka don rola na cinye wani abu. Ba a zuba ta lokaci guda. Shimfiɗa biyu muke yi, kowace gireda ta baje, tanka ta yayyafa ruwa, rola ta bi ta sake bi. Gwajin danshi a hannu yake: ka dunƙula, in ta riƙe ba ta jiƙa maka tafi ba, ta yi. Gwajin ƙarfi kuma tifa ce cike da kaya, ta ratsa, in taya ta bar kwari ba a gama ba. A nan ne masu gida ke fara tsaki, domin kuɗi na ta tafiya, ido kuma jar ƙasa kawai yake gani. Wani ya taɓa ce mini, "Injiniya, wai titin jirgi kake gina mini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a bar shi ya sha ruwan farko tukuna." Bayan ruwan muka zagaya tare, muka sami wuri biyu da ya kwanta, muka gyara kafin yashi ya rufe su.

Yashi shi ne kowa ke da ra'ayi a kansa. Rairayi mai laushi ƙura ce da hunturu, kuma yana gudu daga ƙarƙashin kofato. Garin dutsen da ake samu a wurin fasa duwatsu yana da kaifi, dawakanmu kuma akasarinsu ba a sa musu takalmin ƙarfe, sai ya riƙa cin kofato. Yashin kogi matsakaici nake nema, a tankaɗe shi don tsakuwa da fasassun kwalabe. Kauri kuma santimita 5 zuwa 8 ya isa a fara da shi. Mutane na ganin yawan yashi gata ne ga doki, alhali zurfinsa ne ke gajiyar da jijiyoyin ƙafa har su kumbura. Ƙari abu ne mai sauƙi, kwashewa ce wahala.

Shinge na bututun ƙarfe nake yi saboda gara, tsayinsa wajen mita 1.3, sandunan kwance ta ciki, ginshiƙai ta waje, don kada gwiwar mahayi ko likkafa ta kama. Waya mai ƙaya ba ta zuwa kusa. Ƙofa kuma a yi ta yadda tifa za ta shiga, domin za a ƙara yashi wata rana.

Abin da nake bar wa ɗan barga bai da yawa. Ya kwashe kashin doki kullum. Kada ya zuba harawa ko dusa kan yashin, don doki na haɗiye shi ya taru a ciki ya zama ciwon ciki. Dawaki na son bin jikin shinge har su yi kwari, saboda haka duk 'yan kwanaki a ja tsohon ƙyauren ƙarfe a bayan babur a baje, a dawo da na gefe tsakiya. Da rani a yi yayyafi: jiƙa murabba'in mita 800 da ruwa milimita 5 lita 4,000 ne, shi ya sa tun ranar farko nake tambayar ko rijiyar burtsatsen gidan za ta iya. Akwai masu ba da shawarar a watsa baƙin mai don kashe ƙura. Ba da hannuna ba, yana ɓata ƙasa, yana bin ruwa ya shiga rijiya.

Filin Alhajin nan na farko har yanzu ana hawa a cikinsa. Duk ƙarshen damina nakan bi ta can da sandar rodi, in bi layin da darbejiyoyin suka taɓa tsayawa ina caka ƙasa, tsohon nan na zaune bakin barga yana kallona.