Matar da take waiwaye

Yau da yamma na bi ta bakin Kogin Red a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, sai na tsaya gaban mutum-mutumin da aka kafa don tunawa da iyalan Sikotlan waɗanda aka tasa daga gonakinsu na Kildonan a 1813 domin a saki tumaki a wurin. Maigidan yana duban gaba, yaron ya ɗaga kai yana kallonsa, amma matar, rungume da jaririnta, baya take waiwaye. A kanta idona ya tsaya har sanyi ya ratsa ni.

Irinta ne suka tsallako teku, suka ci hunturun farko kusa da Churchill, wani wuri a bakin teku can arewacin Kanada, suka iso nan a 1814 ba su san ƙasar ba, har sai da Sarki Peguis da mutanensa, masu ƙasar tun asali, suka tallafa musu. Fara ta cinye shukarsu a 1818 da 1819, abin da duk ɗan manomi ya san zafinsa, amma suka sake nemo iri suka shuka. Na dawo gida ina tunanin ko ta daina waiwayen bayan gonar ta yi albarka.